Ambulan da Na Ɓoye wa Alhaji

Ni na sa hannu na karɓi ambulan, don haka duk abin da ya biyo baya a wuyana yake.

A lokacin gida ɗaya muke haya a Guangzhou, ni da wani dattijo mutumin zangon Kumasi, mai aika kaya gida daga kasuwar Shahe. Alhaji nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗan Kano, wai mun fi kowa tsawon gaisuwa. Ya sayi injin iskar numfashi a wani shago a Tianhe ya aika wa mahaifiyarsa. Injin bai yi wata biyu ba ya tsaya. Aka dawo da shi, mai shago ya kalle shi ya ce "meyo", wato babu canji, babu gyara. Alhaji ya kai ƙara kotu.

Ba kuɗin ne suka dame shi ba. Ƙanwarsa ce ta faɗa a gaban dangi cewa na arha ya saya wa uwarsu, ya soke ragowar kuɗin da suka haɗa. Abin da yake nema takarda ce mai hatimin kotu da za ta ce daga shago injin ya zo da matsalarsa, ya kai gida a karanta.

Ana jiran hukunci tsohuwa ta rasu. Ya tafi Ghana da jaka ɗaya, ya ce duk wasiƙar da ta zo in buɗe. Kwana huɗu da tafiyarsa ambulan ya iso daga kotu. Na ɗora waya a kan shafin farko ta fassara mini: an kori ƙarar, wai babu isasshiyar hujja. Ban buɗe sauran shafukan ba. Raina ya ɓaci, na zagi mai shago shi da shagonsa, sannan na tura ambulan ƙarƙashin katifa.

A gidanmu ba a kai wa mai zaman makoki maganar duniya. Na taso na ga mahaifina ya riƙe labarin gobarar rumfa bai faɗa wa ƙaninsa ba sai da aka yi sadakar arba'in ɗin matarsa, kuma kowa ya yaba masa. Ni ma haka na yi, har ina jin kaina mai hankali.

Sau uku na kira Alhaji. Mu gaisa, in yi masa ya haƙuri, mu yi wa mamaciya addu'a. Kowane karo kafin mu ajiye sai ya ce, "Ɗan Kano, babu wani labari?"

"Sai alheri, Alhaji."

A kira na uku har ya gaya mini ya samu rahoton wani injiniya da ya taɓa duba injin, wanda ya nuna wayar lantarki ce ta ƙone a ciki tun asali. Na ce madalla. Na ce a raina, in ya dawo sai a ɗaukaka ƙara da wannan.

Ya dawo bayan arba'in. Na bari ya ci abinci, sannan na miƙa masa ambulan da hannu biyu. Washegari muka je wurin wata lauya. Ba ta tsaya a shafin farko ba, ta wuce kai tsaye zuwa na ƙarshe, ta sa yatsa a kan layukan ƙasa. Kwana goma sha biyar ake da su don ɗaukaka ƙara, in ji ta, daga ranar da aka karɓi takarda. Ko da an lissafa shi cikin waɗanda ba mazauna ƙasar ba, talatin ne. Ta tambayi wanda ya sa hannu. Na ɗaga nawa kamar ɗalibi.

Na yi ta bayani, mai fassara yana juya mata: rasuwa aka yi, uwa ce, a wurinmu ba a yi. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ta yi masa ta'aziyya. Ta ce akwai wata doguwar hanya ta roƙon a sake duba shari'a, amma kada mu sa rai. An bi ta, ba ta ɓulle ba.

Ranar Juma'a, da muka fito daga Masallacin Huaisheng, na tare shi a bakin titi. Kunya ta ishe ni, na fi son ya zage ni.

"Alhaji, ka yafe mini. Na cuce ka."

Ya daɗe yana gyara takalminsa. "Abin da aka koya maka ka yi," in ji shi. "Amma ai na tambaye ka. Sau uku."

Injin ya shekara a lungun falonmu, an rufe shi da tsohon zani. Ƙanwarsa ba ta janye maganarta ba, shi ma bai sake zuwa gida da salla ba. Yanzu kowa da gidansa, muna waya lokaci-lokaci, gaisuwa mai tsawo irin tamu. Yana tambayar iyali, da kasuwa, da jikin mahaifina. Bai ƙara tambayata ko akwai labari ba.