Burodin Inna Ba Na Turai Ba Ne

"Wallahi Yaya, sunan Inna zan sa a jikin kwalin." Haka ƙanena Sanusi ya ce ranar da na koya wa matarsa naɗaɗɗen burodin mahaifiyarmu don su riƙa sayarwa.

Jiya a gidan biki a Talata Mafara aka miƙo mini kwalin. An rubuta "Kek ɗin Turai". Babu sunan Inna ko a gefe.

Nan take na kira shi.

"Yaya, wa za ya sayi abin da anka ce na Maradun ne?"

"Wanda ya ci shi har ya girma ya buɗe shago. Kai ke nan, Sanusi."

Da ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye gonarmu a Maradun, Inna ta kama aikin girki a gidan wata Baturiya 'yar Romaniya, matar injiniya. Ita ta nuna mata burodi mai zaƙi da suke naɗewa ranar bikinsu. Kayan haɗinsa babu su a kasuwarmu, sai Inna ta sa gyaɗa da riɗi da zuma, ta gasa a tukunyar ƙasa, garwashi sama da ƙasa. Ƙarshe matar da kanta ta zo da takarda tana rubuta yadda Inna ke yin nata.

Da cinikinsa ta ciyar da mu bakwai.

Sanusi, na ba ka zuwa Juma'a ka canja kwalin nan. In ka ƙi, ranar Asabar zan rubuta yadda ake yin burodin a shafin nan, kowace mace ta ɗauka, da sunan Inna Hajara a sama.

Masu son koyo, ku yi magana a ƙasa.