Bangon Baba

Jiya yayan mijina ya aiko mai fenti ya shafe bangon ɗakin marigayi surukina, wai haya ta yi tsada a Gwarinpa, ɗakin ba zai zauna a banza ba.

Bangon nan duk lissafi ne da alli. Baba malamin lissafi ne har ya tsufa. Yakan miƙo mini kalkuleta, yatsunsa fari fat, ya ce, "'Yata, danna nan, ki yi ta dannawa." Lambobi su yi ta canzawa, can sai su tsaya cak a kan guda.

"Kin gani? Duk lambar da ta tsaya tana jawo sauran, dole cikin waɗanda ta jawo akwai mai gardama, wadda lissafi ke cijewa a kanta. Ita nake bi."

Ni da na yi yaƙi da jahilci ban gane duka ba, amma ina zama in ji.

Yaya kuwa, da duk digirinsa, ko leƙawa bai yi ba. Da na roƙe shi ta waya kada a shafe bangon, ya ce, "Zanen tsufa ne, Maman Amina." Sannan ya tambaya ko fentin ya isa.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya ba ka ɗakin da babu mai iya sa shi haya.