Inda Matakala Za Ta Zauna

A shekarar da soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki, a shekarar ce bangon gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya dare. Daminar da ta wuce ta riga ta kwantar da madafi, Allah ya kiyaye babu kowa a ciki, sai ga bangon zaure shi ma ya buɗe daga sama har ƙasa. 'Yan siyasa suka zo suka lulluɓe tsagar da fosta, mai wucewa ba ya ganin komai sai fuskokin 'yan takara suna murmushi. Mu da ke kwana a ciki mun san abin da ke bayan takardar. Magini ya zo ya zura hannu a tsagar har gwiwa, ya ce gidan nan ba zai kai ƙarshen wata damina a tsaye ba.

Mu goma sha bakwai ne a gidan, ni da iyalina, ƙanena da nasa, sai Baba. Innarmu ta daɗe da rasuwa. Filin ɗan tsukuku ne, maƙwabta sun kewaye shi ta gefe uku, babu inda za a ƙara sai sama. Muka yanke shawarar a rushe a yi bene, ƙanena da iyalinsa a sama, ni da nawa a ƙasa tare da Baba. Ƙanena ɗan kasuwa ne, shi ya ɗauki nauyin kayan aiki da magina. Ni akawu ne a ma'aikata, sai aka ce in ji da zane da takardu, don a gidanmu duk wanda ya iya riƙe biro ana ganin babu abin da zai gagare shi.

Shekara bakwai ke nan a lokacin da idon Baba ya tafi. Kafin nan ya yi shekara talatin yana jan babbar mota tsakanin Kano da kurmi, kuma abin da yake tinƙaho da shi, bai taɓa tsayawa ya tambayi kowa hanya ba. Makanta ba ta raba shi da wannan hali ba. Ba ya riƙe sanda, ba ya yarda da ɗan jagora. In ya fito daga ɗakinsa sai ya ɗora hannun dama a bango, ya miƙe taku bakwai zuwa bakin rijiya inda butarsa take, ya yi alwala, ya ƙara biyar ya shiga zaure. Daga nan ya bi bangonmu, ya bi na maƙwabci, ya tsallake kwata, sai masallaci. Sau biyar kullum, ko ana ruwa ko ana rana. Bangon duk ya yi wani baƙin layi mai sheƙi daidai inda tafinsa yake bi. Wata rana matata ta ga ya nufi inda aka zubar da ruwan wanki, ta kama hannun rigarsa. Wuni guda bai ce wa kowa uffan ba, bai kuma taɓa abinci ba.

Abin da nake tsoro na san shi, don na gani da idona. Baba yana da aboki, tsohon direba kamarsa, shi ma idonsa ya mutu. Ɗansa ya gina masa gida mai kyau a Hotoro ya mayar da shi can. Mutumin ya yi karo da bango sau biyu, daga nan ya zauna a ɗaki, ba a sake ganinsa a sahu ba. Da muka je gaishe shi, ban gane shi ba sai da ya yi magana.

Ranar da muka faɗa wa Baba maganar rushe gida, ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, "To, hanyata fa?"

Na ce, "Baba, wallahi ko taku ɗaya ba zai canza ba."

Haka na yi rantsuwa da bakina, alhali ko ƙofar mai zane ban taɓa takawa ba. Ƙanena ya dube ni, na kawar da kai.

Mai zanen da aka haɗa ni da shi yana Tarauni, a wani ɗan shago kusa da mai faci. Saurayi ne mai sanyin hali, irin mutanen da sanyinsu yake ƙara tunzura mai zuciya kamar ni. Ya zo ya auna filin, na nuna masa baƙin layin da ke bango, na ce wannan shi ne gidan, sauran duk ƙari ne. Ya gyaɗa kai. Bayan mako guda ya shimfiɗa mini takarda, sai ga matakalar bene zaune daram tsakanin ɗakin Baba da zaure, a tsakiyar hanyarsa.

Na ce, "Kai, ba ka ji abin da na faɗa ba ne?"

Ya ce, "Na ji, Malam. Nan ne kaɗai ta shiga ba ta cuci kowa ba."

"Ta cuci mai gidan. Ɗauke ta."

Ya ɗauke ta ya kai bayan gida. A wannan zanen ɗakin 'yan mata ya ɓace gaba ɗaya, kuma duk baƙon da ya zo wurin ƙanena sai ya ratsa tsakar gidana ya wuce ta ƙofar ɗakin matata kafin ya hau sama. Matata ta duba ta ce ita ba ta iya karanta zane ba, amma wannan kam ta gane shi, kuma ba da ita ba. Ya mayar da matakalar waje ta gaba, sai ta ci rabin lungun unguwa, ya ce ko mun kai ofishin masu tsara gari ba za a sa hannu ba. Ya jingina ta da bangon arewa, sai ya zama duk wanda ya tsaya a tsakiyarta yana hango tsakar gidan maƙwabcinmu da matansa. Ban ma kai wannan zanen gida ba, na san kafin a ɗora bulo goma mun gurfana gaban mai unguwa.

Kowane zane mako guda yake ci. Ina tashi daga ofis in hau acaɓa zuwa Tarauni, in dawo da takarda a naɗe a hammata da ɓacin rai a ciki. Na sayi littafin lissafi na 'yan makaranta na cika shi da nawa zanen, kuma kowanne in na kai masa sai ya ɗora yatsa a wuri ɗaya ya ce, "In ka cire ginshiƙin nan, saman a kan me zai tsaya?" Wata rana na buga teburinsa har gwangwanin fensiransa ya kife, na ce anya ma ya yi karatun nan kuwa? Ya tsince fensiran ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Malam, zane na koya, ban koyi tsafi ba. Bene sai da matakala, matakala kuwa sai da wuri." Na fito ina jin kunya, mai faci yana kallona.

Ana cikin haka zafi ya kai maƙura, hadari ya fara taruwa a gabas da yamma yana watsewa. Magina suka aiko cewa in ba a haƙa tushe kafin ruwa ya zauna ba, sai dai bayan damina. Ƙanena ya tare ni a zaure.

"Yaya, yara goma sha biyu ne suke kwana a ƙarƙashin azarar nan. In ta rufta, zanen za ka nuna wa mutane?"

"In Baba ya zauna a ɗaki fa? Kai za ka fito da shi?"

"Baba ya fi mu hankali. Kai ne ka ɗaure kanka da rantsuwa, ka je ka yi kaffara mu huta."

Na ɗaga hannu zan mare shi, mutum mai 'ya'ya biyar. Allah ya sa na sauke. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san gaskiya ya faɗa.

Kwana biyu bayan nan aka yi yayyafi da la'asar, wanda ko ƙasa bai jiƙa sosai ba. Wani dunƙulen ƙasa ya ɓallo daga rufin zaure ya faɗo a kan tabarmar da Baba yake zama, ya tashi daga wurin ke nan. Washegari na je Tarauni na ce a mayar da zanen farko.

A zanen farko ɗakin Baba yana nan inda yake, amma rijiya za a rufe ta, banɗaki ya koma cikin ɗakinsa, hanyar fita kuma ta zama lungu mai kwana biyu da ya zagaye matakala kafin ya kai zaure. Na rasa yadda zan faɗa masa. Takarda ba ta da amfani ga wanda ba ya gani, bakina kuma shi ya jawo mini. Sai na roƙi wani abokin aikina mai fili a Tarauni da bai gina ba, ya ara mana. Ni da mai zane muka kafa sanduna tsayin ƙugu, muka ja igiya tsakaninsu, muka fitar da ƙasan gidan daidai awonsa, igiya ita ce bango.

Ranar Asabar da hantsi muka kawo Baba a motar ƙanena. Rediyon mai shayi da ke bakin titi yana ta kawo labarin rantsar da sabuwar gwamnati, mutane sun taru suna saurare, babu wanda ya kula da mu. Na tsayar da Baba a cikin igiya na ce, "Nan ne ɗakinka, ga ƙofa a gabanka."

Ya ɗora hannu a igiya ya fara tafiya, ina ganin leɓensa yana motsi. A taku na huɗu igiyar ta karya dama, ƙafarsa kuwa ta miƙe yadda ta saba, sai ya ji igiya a cikinsa. Ya tsaya.

"Mene ne nan?"

"Matakala ce, Baba."

Ya koma da baya har ƙofar ɗakin, ya sake farawa. Ya sake cin karo a wurin. Karo na uku ya tafi da sauri kamar mai fushi da ƙafarsa, sandar ta tuge, igiya ta harɗe shi, ya zube a kan gwiwoyinsa. Na ruga.

Ya ce, "Kada ka taɓa ni."

Na tsaya a kansa hannuna a miƙe, yana lalubar ƙasa, hularsa ta gangara gefe. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar wannan lokacin ba. Na ce, "Baba, na rantse maka, na kasa. Na juya ta ko'ina, wallahi na juya, ta ƙi." Mai zane ya juya baya yana gyara sandar da ba ta buƙatar gyara. Ƙanena ya tsuguna ya ɗauko hular, ya rasa yadda zai miƙa masa.

Baba ya tashi da kansa, ya karkaɗe gwiwa, ya karɓi hularsa. Ya ce a mayar da sandar. Wannan karon ya bi igiyar a hankali, ya karya dama, ya yi taku uku, ya iso kwana ta biyu. A nan ya tsaya ya buɗe hannuwansa biyu, ya taɓa igiyar wannan gefe da ta wancan. Ya juya jikinsa kaɗan, ya sake taɓawa.

"Kai mai zane, nan faɗinsa nawa?"

"Ƙafa uku, Baba."

"Ta ina ka koyi kwana haka? Doguwar mota in za ta sha kwana sai an ba ta fili." Ya ja igiyar kaɗan. "Makara ba za ta juya a nan ba."

Ya sauke hannuwansa.

Ya ce, "Ku gina abinku, yara sun fi ni buƙatar rufi. Masallaci in Allah ya nufa zan koyi hanya, in ban koya ba, to. Abu ɗaya nake so. Ranar da za a fitar da ni, a fitar da ni a miƙe. Kada a tsayar da ni, kada a karkata ni a lungu kamar ana fitar da katifa. Ku buɗe kwanar nan."

Ƙanena ya ce, "Haba Baba, Allah ya ja da kwana."

Ya ce, "Amin. Ku dai buɗe ta."

Mai zane ya matso kusa da ni ya ce a hankali zai iya, in na yarda a ci daga falona, amma shi bai san tsawon makara ba, kuma ba ya so ya yi kirdado. Ya miƙo mini tef ɗin awonsa.

Bayan an idar da azahar mutane sun watse, na zagaya bayan masallacin unguwarmu inda ake jingine makara. Na kwantar da ita a ƙasa ni kaɗai, na maƙala bakin tef a ƙarshen sandarta, na ja. Sai da na auna sau biyu. Ladan ya fito yana gyara rawani, ya gan ni durƙushe, ya yi salati.

"Wa ya rasu a gidan naku?"

Na ce, "Babu kowa, Malam."

Ya tsaya yana jira in ƙara bayani. Na rubuta awon a tafin hannuna, na mayar da makarar inda take, na fita bakin titi na tsayar da ɗan acaɓa na ce Tarauni.