Zara da Hantsi a Wheaton

Shekara biyu na yi ina kula da wani tsoho ɗan ƙasar Romaniya a Wheaton, a Amurka. Maigidana yana aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington, ni kuwa kullum da safe sai in shiga jirgin ƙasa daga Silver Spring, in je in dafa wa tsohon shayi, in ba shi magani, in zauna ina sauraronsa har 'yarsa ta dawo daga aiki. Baba nake ce masa. Da farko ya ce shi ba babana ba ne, na ce to mu dai a Katsina ba a kiran mai furfura da sunansa. Dole ya haƙura.

Idonsa ya riga ya yi nisa. Yana ganin gefe-gefe, amma duk abin da ya duba kai tsaye sai ya ɓace masa. Duk da haka akwai wani ɗan littafi da ba ya rabuwa da shi, takardunsa sun yi ja don tsufa, yana cikin ledar burodi a aljihun rigar sanyinsa. Shi ba ya iya karanta shi yanzu, ni ban san yaren ba. Sai dai ya fito da shi ya shafa, ya sunsuna, ya mayar.

Littafin na mahaifinsa ne, kuma wanda ya rubuta shi wani ɗan jarida ne da ya rayu a Bukares, babban birnin ƙasarsu, sama da shekara ɗari da suka wuce. Baba ya ce mutumin shi ya koya wa kansa ilimin taurari, ya riƙa rubuta ƙananan littattafai masu araha don talaka ya san abin da ke bisa kansa. Har ƙagaggen labari ya rubuta na mutanen da suka yi tafiya zuwa wata tauraruwa, tun ba a yi mafarkin kumbo ba. Ya mutu da sauran ƙarfinsa, bai tara komai ba. Da Baba ya kwatanta mini tauraruwar, mai hasken nan da kan raɓi jinjirin wata, sai na ce, “Ai Zara ce, matar wata.” Haka kakata take ce mata idan muna shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Baba ya ji daɗin wannan suna ƙwarai, ya yini yana maimaita shi.

Tun daga ranar ɗan jaridar nan ya shiga raina. Ina tsaye a jirgi, an matse ni ta ko'ina, sai in gan shi a kan rufin wani gida da ban taɓa gani ba, yatsunsa duk tawada, ya ɗaga kai sama. Wani lokaci har kakata nake gani kusa da shi tana tsinke zogale, kowa na yarensa, kuma suna fahimtar juna. Sau biyu ina wuce tashata saboda su.

Wata rana Baba ya ce mini ana ganin Zara da rana tsaka. Na ce, “Baba, ka dai sha maganinka.” Ya ce mahaifinsa, wanda littafin nan ya sa wa son sama, shi ya nuna masa yana ɗan shekara tara. Sai ka tsaya a inuwar gini yadda rana ba za ta shiga idonka ba, ka nemo siririn wata a ranar da ya zo kusa da ita, sannan ka saki idonka a gefensa ka jira. Baba ya so ya nuna wa 'yarsa tana ƙarama, ba ta tsaya ba. Jikokinsa kuwa sun ce akwai hotonta a waya.

“Daga mai littafin zuwa babana, daga babana zuwa ni,” in ji shi. “Ba na son abin ya ƙare a kaina.”

A lokacin 'yarsa ta riga ta sama masa wuri a wani gidan tsofaffi kusa da inda aka mayar da ita aiki, can wata jiha mai nisa. Saura wata uku su tafi, kuma sau ɗaya a wata ne wata yake raɓar Zara.

Karo na farko na tura shi a keken guragunsa zuwa bayan ginin da suke zaune, wurin ajiye motoci, wajen ƙarfe goma na safe. Na sami watan da ƙyar, fari fat kamar yankan farce. Na duba, na duba, wuyana ya ƙage, idona na hawaye, ga shi na bar wake a kan wuta. Shi kuma sai tambaya yake yi. Tausayinsa ya kama ni, gajiya ma ta kama ni, sai na ce, “Na gan ta, Baba. Ga ta can, kyakkyawa.”

“Tana nan har yanzu?”

“Tana nan daram.”

Can ya ce in mayar da shi ciki, sanyi yake ji. Kwana uku bai fito da littafin ba, bai kuma kira sunan Zara ba. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na gaya wa maigidana, ya yi dariya ya ce ni da ko makullin mota ba na gani a jakata, ina ni ina tauraro da rana. Ban yi masa magana ba har washegari.

Wata na biyu hadari ya rufe sama tun asuba. Muka zauna bakin taga muna jin ruwa. A nan na ce masa ƙarya na yi. Ya ce ya sani. Na tambaye shi yadda aka yi ya sani, ya ce idan na gan ta zan gane.

Na uku ya faɗo ana gobe za su tafi. An ɗaure kaya a kwalaye, 'yarsa tana ta waya a falo. Na sa masa hula, na tura shi wurin nan dai, kusa da kwandon shara. Sama ta yi shuɗi tas. Na nemo wata, na jingina da bango, na ce wa kaina yau ko wake ya ƙone ba inda za ni. Motoci suna wucewa a babban titi, ƙamshin soyayyar albasa yana fitowa daga shagon 'yan Ghana, a hankali duk na daina jin su. Na daina nema ma, ina kallo ne kawai, har na ji kamar saman tana yin zurfi, ina shiga cikinta.

Sai ga ta, ƙasa da wata kaɗan, ɗigo ɗaya fari mai kaifi kamar bakin allura. Ashe tana nan tun ɗazu, tana nan kullum a kan Wheaton muna ta wucewa da ledojinmu. Na buɗe baki zan faɗa masa, na ƙifta ido, ta ɓace.

“Kash, ta tafi,” na ce. “Yanzun nan na gan ta, Baba, wallahi na gan ta, na ƙifta ido kawai. Ina ta shiga kuma? Wannan wane irin wulaƙanci ne?”

Na juyo raina a ɓace, sai na ga yana dariya, hawaye na bin kumatunsa. Ya ce haka take yi wa kowa a karon farko. Haka ta yi masa, har ya yi kuka ya bugi ƙafar babansa. Wanda ya ce tana nan daram bai gan ta ba.

“Koma ki nemo ta,” ya ce. “Yanzu kin san hanya.”

Na koma na same ta. Ina riƙe da ita da idona, ina tsoron motsi, sai na ji ƙarar leda, ya kamo hannuna ya sa mini littafin a ciki. Na ce ai ban iya karanta shi ba. Ya ce shi ma haka, in dai ci gaba da kallo, kada in sauke kai saboda shi.