Haladu da Ƙwarin Itace

Haladu masassaƙi ne a wani ƙauye gabas da Gagarawa, a shekarun da jirgin ƙasa ya fara zuwa Kano. Turmi yake sassaƙawa da akushi da ƙotar fartanya, kuma hannunsa yana da kyau. Abin da ya hana shi sakat shi ne ƙwaron nan mai huda itace. Sai ya kai akushi kasuwar Gumel, bayan damina a dawo masa da shi duk ƙofofi, gari yana zuba.

Abin ya ishe shi, ya ce sai ya gano itacen da ƙwaron ba ya so. Ya shiga daji ya saro gawo da aduwa da kanya da marke. Wasu ya ɓare musu ɓawo, wasu ya jiƙa su a tafki, wasu ya kyafe su da hayaƙi, ya jibge su a tsakar gida yana jira ya ga wanda za a fara ci.

Matarsa Safara'u ce ta sha wahalar. Ƙwarin suka bar gumagumansa suka koma kan gadonta da muciyarta. Ta yi magana har ta gaji. Kullum amsarsa ita ce ta ƙara haƙuri, ya kusa ganewa.

Wata rana ƙafar rumbu ta karye, geron ya zube a ƙasa, awakin maƙwabta suka yi ta ci. Haladu ya tsuguna yana leƙen ramukan da ke jikin ƙafar, yana cewa ai daman gawo ne.

“Malam,” in ji Safara'u, “hatsinmu ne fa a ƙasa.”

Da ya tafi kasuwar Maigatari, ta kira ƙanwarta A'i suka faskare gumaguman gaba ɗaya, ta raba wa matan unguwa suka yi girki. Ya dawo ya tarar da tsakar gida wayam. Daga baya ya tambaye ta ko ta lura da wanda ba shi da rami a ciki. Ta ce marken da ya jiƙa, shi ne ma ya ba su wuya wajen faskare.

Tun daga nan ya koma jiƙa itacensa kafin ya sassaƙa, masu dawo da kaya suka ragu. Amma bai daina gwaji ba. Safara'u ta sa ya mayar da tarin itacen gwajinsa can wajen gari, kuma har ya tsufa ba ta yarda ya shigo mata da ko reshe ba.