Turmin Inna a Cikin Kaset

Na gaji da masu tambayata yadda ƙanwata ta fara waƙa. Su a rediyo suka san ta, mai zubo magana da sauri bisa kiɗa, abin da yara ke kira hip-hop, manya su ce gambarar zamani. Ni Auta na sani, wadda na goya a gidanmu na Zurmi, mai bakin da ba ya mutuwa tun tana 'yar tatsitsiya.

Innarmu gwanar lugude ce. In ana biki a unguwa, ba a fara daka sai ta iso. Ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ta ƙwanƙwasa bakin turmi kafin ta sake dirkawa. Turminta ya taɓa tsagewa, maƙeri ya ɗaure shi da ƙarfe, don haka kowane bugu sai ya biyo da wata 'yar ƙara, kamar an girgiza makullai. Matan unguwa daga cikin ɗakunansu suke gane dakan juna, balle nata.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba aka ƙaddamar da Shari'a. Mun yi murna, har da Auta, wadda lokacin take karatu a Ƙauran Namoda. Sai aka hana kiɗa a wajen biki, aka hana mata hawa kabu-kabu, wato babur ɗin haya. A gari an kawo motocin mata, amma ƙauye ina! A daminar wannan shekarar wata 'yar'uwarmu a Birnin Tsaba ta kama naƙuda mai wuya. Masu babur suka ji tsoron ɗaukarta, aka sa ta a amalanke, ta cika a hanya.

Auta ta zo hutu ba ta ko cin abinci. Wata safiya ta ajiye rikoda kusa da turmi, Inna na dakan fura, ta ce wai batir take gwadawa. Ashe da wannan dakan ta koma Ƙaura, wani mai ɗaukar sauti ya juya mata shi ya zama kiɗa, ta ɗora waƙarta a kai. Ba ta zagi kowa ba. Cewa ta yi in an hana mace babur, a ba ta mota, don naƙuda ba ta jiran ranar kasuwa. Ba ta sa sunanta ba, ba hoto, ta kuma kaurara murya. A tunaninta ta gama ɓuya.

Ni ina aure a Badarawa, kusa da Shinkafi. Ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi na ji kaset ɗin yana tashi ƙasa-ƙasa daga wata rumfa, na tsaya cak. Ko muryar ban saurara ba. Ƙarar ƙarfen nan na ji.

Kafin in isa Zurmi, Gwaggo maƙwabciyarmu ta riga ni. Ta ji shi wajen jikanta, ta shigo ko mayafi ba ta gyara ba, ta ce da Inna, "Ke, wanga ai turminki na! Yaushe kika koma makaɗiya?" Ba da mugunta ta faɗa ba, bakinta ne haka. Amma kafin la'asar maganar ta kai majalisar maza. Dattawa suka kira Baba, ya dawo fuska kamar hadari. Ya ce Auta ba za ta sake taka masa gida ba sai ta bar waƙa. Inna ta kife turmin a bayan rumbu, ta koma aika gero inji. Matan unguwa suka daina kiranta biki, don kada a ce gidansu ma ana kiɗa.

Daga nan na zama 'yar aike, kuma wallahi aikin nan ya cinye ni. Auta ta tafi Kaduna, sunanta ya fito, tana yawon asibitoci da gidajen rediyo tana neman a kai motocin masu haihuwa ƙauyuka. Wasu garuruwan an kai, ban musa ba. Ni kuwa kullum ina cikin mota tsakanin Kaduna da Shinkafi da Zurmi, in kai atamfa daga Auta, in karɓo daddawa da kuka daga Inna. In ce, "Auta, ki bari haka nan ki dawo gida." Ta ce, "Yaya, matan sun daina mutuwa?" In ce, "Inna, ki roƙi Baba mana." Ta ce, "Ki ce mata ta riƙa cin abinci." Haushinsu duka nake ji. Na taɓa tambayar Inna ko tana fushi da Auta. Ta ce a'a, hannunta dai ke mata ƙaiƙayi in ta ji ana daka a maƙwabta.

Haka shekaru suka tafi, har zazzaɓi ya ɗauke Inna ba ta sake riƙe taɓarya ba. Auta ta iso an riga an dawo daga maƙabarta. Baba ya gan ta a zaure, ya kau da kai, bai hana ta shiga ba.

Washegari da hantsi mata sun cika tsakar gida, Gwaggo ta matso kusa da ni, ta tsufa sosai, ta ce a hankali, "Ɗiyata, kaset ɗin nan yana nan? Ba waƙar nika so ba. Dakan." Na buɗe baki zan gaya mata maganar da na daɗe ina riƙewa, cewa bakinta ne ya ja mana duk wannan, sai Auta ta zuge jakarta. Ta fiddo wani tsohon kaset, wanda ta ɗauka tun waccan safiyar da Inna ke dakan fura, kafin a ɗora masa komai.

Aka sa shi ƙasa-ƙasa. Ga dirka, ga tafi, ga ƙarar ƙarfe, kaji na kuka a baya. Matan da suka daina kiran Inna biki suka sunkuyar da kai. Can dakan ya tsaya, muryar Inna ta fito sarai tana haki: "Auta, bar wasa da abin nan, taho ki kama mini."

Auta ta ce, "Na'am, Inna," har ta yunƙura za ta tashi.