Bangon Gabas na Kukar Larai

Malam Sha'aban Dabo shekarunsa hamsin da takwas, shi ne mai duba ginin makarantu a ƙauyukan gabashin Ɗanbatta. Kayan aikinsa kwalba ce, da ƙusa mai inci shida, da kalandar da yake zana ranakun zuwa.

Sau uku yake zuwa wa kowane gini. Kafin a buga bulo, yakan zuba yashi da ruwa a kwalba ya girgiza, ya ga yawan lakar da za ta kwanta a sama. In bulo ya sha ruwa kwana bakwai, ya ɗaga ɗaya daidai kafaɗa ya saki, ya ga ko zai fashe. Na ukun kuwa kafin filasta, ya bi bango da ƙusa.

A ginin aji biyu na Kukar Larai, ɗan kwangila ya kawo bulonsa bugagge daga wani wuri, ya ɗora cikin kwana tara. Zuwa biyu suka wuce ke nan ba a yi su ba. Saura na uku, sai Malam Sha'aban ya aika wa mai unguwa Mudassir cewa yana tafe ranar Alhamis.

Ya iso ya tarar an shafe ginin tsaf, ciki da waje.

"Wa ya ce a yi filasta?"

"Haba Malam, babban baƙo ya zo ya tarar da bango tsirara?" in ji mai unguwa. "Gayya muka yi. Ɗan kwangila ya kawo siminti, mu muka kawo hannu. Har Yahya mai ciwon baya sai da ya hau tsani, da ƙyar muka sauko da shi."

Aka yi dariya, aka miƙo masa fura. Ya sha, ya yi godiya, sannan ya zaga bayan ginin ta gabas, inda hadari ke fara duka. Ya kankare filasta, ya danna ƙusa da babban yatsa. Ta shige har kai. Da ya zare, yashi ya biyo ta kamar gari.

Sau biyu ya rubuta wa hukuma rahoto. Aka ce masa an riga an karɓi gini, har an ɗauki hoto. Ya roƙi mai unguwa a bar yara a gindin bishiya tukuna, shi kuwa ya ce shekara shida suke jiran ajin nan. Yara tamanin ne, damina saura wata guda.

Ranar Litinin da ta wuce ya koma a kan babur ɗinsa. Shi da shugabar makarantar, Malama Barira, suka janye bencina daga bangon gabas, ya ja layi da alli a ƙasa, ya ce kada yaro ya tsallake.

"In hadari ya taso fa, Baba?"

"Ki fito da su."

"Zuwa ina?"

Ya durƙusa ya sake bin layin da alli har ya yi kauri.